Inci Ɗaya A Madadin Ƙafa Shida

Da wuya a shiga wani gari a ƙasar Hausa bayan an gama girbin dawa a rasa yara a bayan gida suna feɗe kara da reza, suna ƙera mota ko keke ko jirgin sama. Wasu da kara suke yi, wasu da langa-langa, wasu kuma da gwangwanin madara. Ba wanda ya koya musu, ba kuwa mai tambayarsu ko tsawon fiffike ya dace da tsawon jiki. In dai abin ya yi kama da jirgi, ya kuma yarda a ja shi da zare, to, buƙata ta biya. Yawancinsu da zarar sun tasa sai su watsar da abin, su kama sana'ar da za ta ba su tuwo. Amma akan sami ɗai-ɗai waɗanda abin ba ya sakinsu har furfura ta fito musu.

Irin wannan mutum ne wani dattijo mai gyaran agogo da ke unguwar Kwararafa, a tsakiyar garin Jos, ba nisa da tsohon gidan siliman nan da aka sani da wannan suna. Shagonsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. A da, sa'ad da kowane ma'aikaci yake ɗaure da agogo a hannu, ba ya samun sukunin ɗaga kai tun daga safe har la'asar. Da wayar hannu ta zo ta karɓe aikin faɗin lokaci, sai ciniki ya ja baya, shi kuwa sarari ya samu gare shi. Hantsakin da yake ɗaukar ƙananan haƙoran agogo da shi, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, da ƙananan magagarai, duk sai ya juya su ga abin da ke ransa tun yana yaro, watau ƙera ƙananan jiragen yaƙi. Nasa sun bambanta da na yaran bayan gida da abu guda, shi ne kowane sashe nasu a kan ma'auni yake.

Abin da ake nufi da ma'auni

Ma'aunin da yake bi shi ne wanda masu irin wannan aiki a duniya suka fi sabawa da shi wajen jiragen yaƙi, watau kashi 1 cikin 72. Dalilin zaɓen wannan lamba mai sauƙi ne. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, ƙafa 6 kuwa inci 72 ke nan. Saboda haka inci ɗaya a kan teburinsa yana tsayawa ne a madadin ƙafa 6 a filin jirgin sama, watau tsayin dogon namiji. Jirgin nan Alpha Jet, wanda faɗin fukafukansa ya kusa ƙafa 30, in ya zo tebur sai ya koma inci 5. MiG-17 mai tsawon wajen ƙafa 37 sai ya koma inci 6 da 'yar ɗoriya. Babban jirgin nan na ɗaukar kaya da sojoji kuwa, C-130, wanda fukafukansa suka ɗara ƙafa 132, inci 22 yake ci, ya kusa cinye teburin duka.

Sai dai fa yadda ma'auni yake rage girman jirgi sau 72, haka yake ƙara girman kuskure sau 72. In mai ƙira ya yi sakaci ya ƙara wa fiffike kaurin tsinken ashana ɗaya tak, to, a jirgin gaske ya ƙara kusan inci 6 ke nan. In ya ɗauki tsinken ya kafa a gadon bayan jirgi ya ce eriya ce, to, azara ya kafa. Ko gwangwanin madara da yatsa yake ji kamar takarda, in aka lissafa shi da wannan ma'auni ya zama farantin ƙarfe mai kaurin fiye da rabin inci, alhali kuwa fatar jirgin gaske ba ta kai ko kusa da haka ba. Shi ya sa dattijon yake kwana biyu yana goge bakin fiffike ɗaya da sanfefa, har sai ya yi siranta kamar bakin aska.

Wannan ma'auni ba yau aka fara shi ba. Tun 1932 wani kamfani a Ingila mai suna Skybirds ya fara sayar da ƙananan jirage na katako a kansa. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna cewa abin ya wuce wasan yara. A farkon 1942 rundunar mayaƙan ruwa ta Amurka ta roƙi 'yan makarantun ƙasar su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a kan wannan ma'auni, a shafe su da baƙin fenti. Abin da ake so da su shi ne a koya wa masu harbo jirage da masu gadin sararin sama su bambanta jirgin gida da na abokan gaba cikin ƙiftawar ido. In aka rataye ɗan jirgin a nisan ƙafa 35, ido yana ganinsa daidai da yadda zai ga na gaske a nisan kusan rabin mil. Yaron da ya karkatar da wutsiya, ko ya gajarta fiffike, yana iya zama sanadin da soja zai harbo ɗan'uwansa. Saboda haka sai an duba kowane ɗaya an tabbatar da ma'auninsa kafin a karɓa.

Kuza da jirgin sama

Mutumin Jos ba baƙo ba ne a cikin labarin wannan yaƙi, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa ba. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a farkon 1942, sai Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, ta juyo kan tsaunukan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin dole a ramukan kuza, inda sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da yawa daga cikinsu. Kuzar nan da ita ake yin dalmar liƙe wayoyin lantarki, da ita kuma ake shafe gwangwanin abincin soja don kada ya yi tsatsa. A daidai wannan lokaci kuma jiragen yaƙi ne ke ta ratsa sararin Arewa. Tun daga watan Satumba na 1940 Ingila ta riƙa kawo su cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana a yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan su taso ta Ikko da Kano da Maiduguri, su bi ta Hartum har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Kano kuwa dama ta riga ta san jirgi, gama a can ne jirage uku na sojan Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka ranar 1 ga Nuwamba, 1925, bayan sun taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham.

Mahaifin dattijon yana cikin waɗanda kuza ta kawo Jos, ya zauna, ya yi iyali. Saboda haka in ya yanka gwangwani ya liƙe da dalma, yakan ce kayan gida ne suka dawo gida. Da idonsa kuwa ya fara sanin jiragen yaƙi lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, yana ɗan firamare, sa'ad da ƙarar jirgi ɗaya takan fitar da unguwa duka waje. Bayan yaƙi ne ya ga wani kwali a wani babban kanti, da hoton jirgin Spitfire a bayansa, na kamfanin Airfix na Ingila. Ya tara kuɗi wata da watanni ya saya. A ciki ya tarar da sassan jirgi na roba, da takardar bayani, da tambarin sojan saman Ingila. A jikin kwalin ne ya fara ganin an rubuta 1 da 72, ya yi ta tambaya har wani malamin lissafi ya warware masa ma'anarsu.

Aikin ƙananan abubuwa

Gangar jikin jirgi ba ita ce mai wuya ba. Yakan samo guntun katako mai laushi a kasuwar Katako, ya zana siffar jirgin ta gefe da ta sama a takarda, ya liƙa, ya sassaƙe. Yini uku sun isa. Abin da ke cin watanni shi ne ƙananan abubuwan nan da mai wucewa ba zai ko lura da su ba.

A ɗauki misalin murfin gilashin da ke rufe matuƙi. Da fari zai sassaƙa siffarsa da katako, ƙasa kaɗan da girman da ake so, ya goge har ya yi santsi. Sa'an nan ya samo farar roba mai garau, irin wadda ake rufe sabbin kaya da ita a cikin kwali, ya riƙe ta a saman wutar kyandir, ba kusa sosai ba, har ta yi laushi ta fara lanƙwasa, nan da nan sai ya danna ta a kan katakon. In ya yi gaggawa ta yage, in ya yi jinkiri ta yi duhu ko ta ƙone. Sau da yawa sai ya ɓata biyar ko shida kafin ya sami ɗaya mai kyau. Sandunan da ke riƙe da gilashin kuwa ba ya zana su da buroshi, domin hannu yakan yi rawa. Takarda yake fentawa, ya yanka ta siri-siri da sabuwar reza, ya liƙa ɗaya bayan ɗaya.

Eriya da bututun auna gudun iska da ke bakin fiffike, da guntun roba yake yin su. Zai ɗumama tsakiyarta a wuta, in ta yi laushi ya janye ta daga wutar ya ja bakin biyu a hankali, sai ta miƙe ta zama kamar gashin wutsiyar doki. Gwargwadon saurin ja, gwargwadon siranta. Bakin bindiga da allurar asibiti yake yi, saboda tana da rami a ciki. Bututun birki da ke bin ƙafar jirgi, silin waya ɗaya yake zarowa daga tsohuwar wayar rediyo da ya tsinto wajen masu gyara a titin Dilimi. Ɗamarar da ke ɗaure matuƙi a kujera kuwa, da takardar azurfa ta cikin kwalin taba yake yanka ta, domin tana karɓar lanƙwasa ta zauna kamar ƙyalle. Kafin ya rufe hancin jirgi sai ya cusa 'yar dalma a ciki. In ba haka ba, jirgin zai zauna a kan wutsiyarsa, hanci sama, domin nauyin katako ba a inda nauyin injin yake ba ne.

Akwai kuma sanin abin da za a bari. Jikin jirgin gaske cike yake da dubban ƙananan ƙusoshi. Sabon hannu yakan so ya nuna gwaninta, ya bi jikin duka yana ɗiga su da allura. Amma kan ƙusar da bai kai faɗin ƙwayar wake ba, in aka raba shi gida 72, ido ba ya ganinsa. Wanda ya ɗiga shi har aka gani, to, ya yi wa jirgin ƙusa mai girman faifai. Dattijon yakan ja layukan da faranti ya haɗu da faranti kaɗai, da bakin allura, a hankali, sa'an nan ya goge har su kusa ɓacewa. Haka kuma fenti. Abin da ke nesa launinsa yakan dusashe saboda iskar da ke tsakani, don haka yakan ɗiga fari kaɗan cikin kowane launi, ya tsinka shi sosai, ya shafa sau uku ko huɗu maimakon sau ɗaya mai kauri. Ba ya fenti da hunturu. Sanyin Jos yana hana shi bushewa da wuri, ƙurar kuwa in ta sauka a kan ɗanyen fenti, kowace ƙwaya dutse ce a wannan ma'auni. Sai ya jira damina, ya rufe aikin da ƙwarya.

Tambarin da ba ya zuwa a kwali

Abin da ya raba shi da kwalayen kanti tun da wuri shi ne tambari. Waɗanda suka zo hannunsa, tambarin Ingila ne a ciki, ko na Amurka, ko Jamus, ko Rasha. Bai taɓa buɗe kwali ya tarar da kore da fari da kore ba. Alhali kuwa ƙasar nan tana da rundunar mayaƙan sama tun watan Afrilu na 1964, wadda Jamus ta Yamma ta taimaka wajen horar da ita da fari. Ta yi amfani da L-29 na ƙasar Cekosulobakiya, da MiG-17 da Il-28 ƙirar Rasha a lokacin yaƙin basasa. Ta sami MiG-21 da C-130 a 1975, da Alpha Jet a farkon shekarun 1980, da Jaguar a 1984, har zuwa Super Tucano da JF-17 da suka iso a 2021. Kowane ɗaya yana da launinsa da lambarsa da labarinsa.

Saboda haka da hannunsa yake yin tambarin. Zai fenta fari a siririyar takarda, ya ɗaura guntun reza a ƙafar kamfas, ya yanka da'ira uku, babba kore, ta tsakiya fara, ƙarama kore, ya ɗora su a kan juna. Da'irar da faɗinta ya kai ƙafa 3 a jikin jirgi, rabin inci ce a hannunsa. Haruffan NAF da lambar jirgi kuwa, da gashin buroshi uku ko huɗu yake rubuta su, yana riƙe numfashi. Ba ya sa lambar da bai gani a hoto ba. In hoton bai nuna ba, sai ya ajiye jirgin ba lamba, ko da zai shekara a haka. Ko hancin Alpha Jet ma sai ya duba, domin ƙirar da aka yi wa sojan Jamus hancinta mai tsini ne, wadda aka yi wa sojan Faransa kuwa mai ɗan kumburi, ba a kuma sanin wanne ne a gaban mutum sai an ga hoton jirgin da kansa.

Shinge biyu ko uku

Yana da wani yaro ɗan maƙwabta da ya ɗauka yana koya masa. Yaron yana da hannu, yana kuma da waya mai intanet, wadda ta sauƙaƙa musu neman hotuna ƙwarai. Wata rana yaron ya gama jirginsa na farko shi kaɗai, ya sa masa kore da fari da kore, ya ce MiG-17 ne na zamanin yaƙin basasa. Aka ajiye shi a bakin taga. Sai ga wani tsohon soja da ya saba kawo agogonsa gyara, wanda ya yi aikin kanikancin jirage a Kano tun sa'ad da aka fara sauke waɗannan jirage a can cikin watan Agusta na 1967. Ya ɗauki jirgin da yatsa biyu, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Yaro, wa ya ba ka hoton nan?"

Yaron ya ce, "A waya na gani, Baba."

Tsohon ya ce, "To, wayar ta ba ka wan, ba ƙanen ba. Ƙirga shingen da ke kan fiffike."

Yaron ya ƙirga ya ce biyu ne. Tsohon ya bayyana masa cewa waɗannan 'yan faranti da ke tsaye a kan fiffike, don su hana iska zamewa zuwa gefe, biyu-biyu ne a MiG-15, amma uku-uku ne a MiG-17. Jikin MiG-17 kuma ya fi tsawo da fiye da ƙafa 3, yana da ɗan ƙaramin faranti a ƙarƙashin wutsiya. MiG-15 da ya sani a Kano masu kujera biyu ne, na koyar da tuƙi. Ya ce, "Hannunka yana da kyau, ɗana. Amma wannan jirgi bai taɓa tashi a ƙasar nan ba."

Bambancin da ya nuna bai wuce rabin inci da 'yar ɗoriya, da 'yan guntayen gwangwani ba. Yaron ya so a ƙara shingen kawai a wuce wurin, tun da ba mai ganewa. Maigidansa bai yarda ba. Ya ce mutumin da ya gane ɗin shekarunsa sun ja, irinsa kuma ba su da yawa. Ran da babu su, abin da ke bakin taga shi ne zai zama shaida, yara su gani su ɗauka haka abin yake. Yaron ya kankare tambarin, ya ajiye jirgin a matsayin MiG-15 marar ƙasa, ya koma ya ɗauko sabon katako.

Bindiga da kujera

Akwai masu ce wa dattijon bai kamata mutum mai shekarunsa ya ɓata basira wajen ƙawata abin kisa ba. Maganarsu tana da tushe. Jiragen nan ba don ado aka ƙera su ba. A yaƙin basasa sun jefa bama-bamai a garuruwa da kasuwanni a Gabas, fararen hula da yawa suka mutu. Ranar 5 ga Yuni, 1969, wani MiG-17 ya harbo jirgin ƙungiyar agaji ta Red Cross da ke ɗauke da kayan taimako. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Mayu na wannan shekara, wani Bature ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da ƙananan jirage ƙirar MFI-9 ya ɗaura musu rokoki ya riƙa kai wa filayen jiragen gwamnatin tarayya hari. Ko a zamanin nan ba a manta da Rann ba, inda a watan Janairu na 2017 jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Jihar Borno.

Amsar dattijon ita ce, shi ya sa ba ya cire komai. MiG-17 yana da bindigogi uku a ƙarƙashin hancinsa, babba guda a dama, ƙanana biyu a hagu, haka kuwa yake sa su, har da baƙin hayaƙin da ke bakinsu. Wani ya taɓa roƙonsa ya yi masa ɗaya ba bindiga, domin ya ajiye a ɗakin baƙi, ya ƙi. A ganinsa, wanda ya cire bindigar shi ne ya ƙawata yaƙi. A kan shiryayye ɗaya ya jera MiG-17 da ɗan jirgin von Rosen, a kan ma'auni ɗaya, don mai kallo ya ga bambancin girmansu da idonsa, ya tambayi yadda aka yi suka haɗu a yaƙi ɗaya, daga nan kuma magana ta buɗe.

Abu guda ne kaɗai ba ya sawa, shi ne matuƙi. Tun yana saurayi malaminsa ya hore shi a kan sassaƙa surar abu mai rai, ya kuwa riƙe. Wannan ya ƙara masa aiki, gama kujerar da ba kowa a kai ba ta ɓoye komai. Sai an yi ɗamara, da sandar tuƙi, da allon agogunan da ke gaban matuƙi, waɗanda kowannensu bai kai kan allura ba. Mai gyaran agogo ne, a nan ya fi jin daɗin aikin.

Jirgin da ya fi daɗewa a hannunsa shi ne C-130 mai lamba NAF 911. Shi ne wanda ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Ikko ranar 26 ga Satumba, 1992, ya hallaka mutum fiye da 150, yawancinsu hafsoshi ne masu halartar kwas a kwalejin horar da manyan hafsoshi ta Jaji. Ya yi masa injuna huɗu, kowanne da farfela mai ganye huɗu, ya bar ƙofar baya a buɗe, ya jera kujerun ƙyalle a ciki, babu kowa a kai. Ba ya fitar da shi bakin taga. Sai wanda ya tambaya yake buɗe wa akwatin.

Abin da ya kamata a yi

Garin Jos ya san darajar kwaikwayon abu don kada ya ɓace. A gidan tarihin da aka buɗe a 1952 akwai gumakan Nok da aka tono a wajen haƙar kuza. Masu ƙera su sukan ƙara wa kai girma fiye da ƙima, domin su ba awo suke nema ba, abin da ya fi daraja a wurinsu suke nunawa. A gefen gidan tarihin kuma akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka sāke gina wani sashe na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya bayan an auna na asalin ƙafa da ƙafa. Aikin dattijon Kwararafa ɗan'uwan wannan na biyun ne. A Umuahiya ma, a gidan tarihin yaƙi da aka kafa a 1985, akwai wasu jiragen yaƙin basasa na gaske a ajiye, amma yaron Jos ko na Sakkwato nawa ne zai taɓa zuwa can?

Garin nan yana da makarantar sakandare ta mayaƙan sama tun 1980, yana da jami'a, yana da makarantun koyon sana'a. Ba abu mai tsada ba ne hukumomin ilmi su nemo irin waɗannan mutane, a Jos da sauran garuruwa, su ba su ɗaki da tebur da awa biyu a mako. Yaron da ya raba ƙafa 37 gida 72 da hannunsa, ya ga abin da kuskuren kaurin ashana yake jawowa, ya koyi lissafin da allo bai koya masa ba. Irinsa ne in ya girma aka ba shi jirgin gaske ya ɗaure masa ƙusa, ba zai ce ba mai ganewa ba. Haka kuma ya kamata a zauna da tsofaffin kanikawa da matuƙa tun suna da rai, a rubuta launi da lamba da abin da suka gani, a tara hotunan da ke cikin akwatunansu.

Idon dattijon ya fara rauni, yanzu yaron ne yake yanka masa tambari. MiG-17 na biyu ya kusa ƙarewa, da shinge uku a kowane fiffike. Saura lamba, suna jiran tsohon sojan ya kawo wani hoto da ya ce yana wajen 'yarsa a Kaduna. Allah ya ƙara musu lafiya, ya ba ƙasar nan zaman lafiya mai ɗorewa, amin.